Lissafin Kalori da Furotin ga Mai Neman Gina Tsoka

Tsokar jikin ɗan Adam ba ta ƙaruwa sai abubuwa uku sun haɗu: nauyin da ake ɗora mata a wajen motsa jiki har ya fi wanda ta saba da shi, da kuzarin da jiki zai yi aikin gyara da shi, da kayan ginin da za a yi gyaran da su. Na farko ana samunsa a wajen ɗaga ƙarfe, sauran biyun kuwa daga kwanon abinci suke fitowa, kuma a nan ne matasa da yawa suke asarar wahalarsu, domin ko dai su ci ƙasa da buƙatar jikinsu su shekara suna zufa babu canji, ko kuma su ci fiye da kima su wayi gari da teɓa suna zaton tsoka ce. Sanin adadin da ya dace bai fi ƙarfin biro da takarda ba, muddin an fahimci cewa abin da lissafin zai bayar ƙiyasin farko ne, wanda jikin mutum zai gaskata ko ya gyara a cikin makonnin da za su biyo baya.

Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, kuma wanda ake rubutawa a jikin kwalaye da gwangwanaye yana nufin zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin sinadarai Ba'amurke, Wilbur Atwater, ya fitar da alƙaluman da har yau ake aiki da su, wato giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, giram ɗaya na maiƙo kuwa kalori 9. Wannan ne dalilin da ya sa cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa yake ɗauke da kalori kusan 120, alhali ƙwai guda bai wuce 70 zuwa 80 ba.

Jiki yana ƙona mafi yawan kuzarinsa ne ba tare da mai shi ya sani ba, a wajen bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, kuma wannan kason, da ake kira ƙonawar hutu, yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da mutumin da ba ya aikin ƙarfi yake kashewa a yini. Masana biyu, Harris da Benedict, sun fitar da ƙa'idar ƙiyasta shi a 1919, amma wadda masana abinci suka fi amincewa da ita a yanzu ita ce ta Mifflin da St Jeor ta 1990. Ana ninka nauyin mutum na kilo sau 10, a ninka tsayinsa na santimita sau 6.25 a haɗa su, a ninka shekarunsa sau 5 a ɗebe, sannan a ƙara 5 idan namiji ne, ko a ɗebe 161 idan mace ce. Saurayi ɗan shekara 25 mai nauyin kilo 65 da tsayin santimita 175 zai sami 650 da 1,094, ya ɗebe 125, ya ƙara 5, lissafinsa ya tsaya a kan kalori 1,624 a yini, wanda shi ne abin da jikinsa zai ƙona ko da ya yini kwance bai ɗaga ko tsinke ba.

Daga nan sai a ninka wannan adadi da lambar da ke nuna yawan zirga-zirgar mutum: 1.2 ga mai zaman ofis ko shago da ba ya motsa jiki, 1.375 ga mai ɗan motsawa sau ɗaya zuwa uku a mako, 1.55 ga mai yi sau uku zuwa biyar, 1.725 ga mai aikin ƙarfi kusan kullum. A wannan gaɓar aka fi yin kuskure, kuma kuskuren babba ne, domin saurayin da aka ambata zai buƙaci kalori 1,950 idan aka sa shi a rukunin farko, 2,520 a rukuni na uku, 2,800 a na huɗu, tazarar da ta kai cikakken kwanon abincin rana. Mutane sukan auna kansu da sa'a ɗayan da suke yi a wajen ɗaga ƙarfe, su manta da sauran sa'o'i 23 na yini. Tela da ke zaune gaban keke daga safe zuwa magariba, da ɗan dako ko birkila da ke ɗauke da kaya a cikin rana, ba za su taɓa zama a rukuni ɗaya ba, ko da tare suke zuwa atisaye da yamma. Ya kamata kuma a tuna cewa ƙa'idar Mifflin an ciro ta ne daga gwajin mutum 498 a Amurka, saboda haka ba abin mamaki ba ne ta kauce da kashi 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa, idan aka ɗora ta a kan wani mutum guda.

Adadin da ya fito shi ne na tsayawa a nauyi ɗaya. Mai neman tsoka yana buƙatar rara a kansa, kuma masana sun fi karkata ga kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, wato kalori 250 zuwa 500, ta yadda saurayin da ke rukuni na uku zai riƙa cin tsakanin 2,770 da 3,020. Hikimar taƙaita rarar ita ce jiki yana da iyakar saurin da zai iya gina tsoka, kuma duk abin da ya haura wannan iyaka kitse yake zama. Sabon shiga yakan ga ci gaba da sauri a shekararsa ta farko, wanda ya daɗe yana yi kuwa ƙaruwarsa takan ragu matuƙa, don haka rarar da ta dace da shi ita ce ta ƙasa.

Furotin, wanda aka fi sani da sinadarin gina jiki, sarƙa ce ta ƙananan sinadarai 20 da ake kira amino asid, kuma tara daga cikinsu jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai ta hanyar abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin jiki a matsayin abin da zai wadatar da baligi mai lafiya, amma wannan ma'aunin kare jiki ne daga ƙaranci, ba a yi shi domin mai ɗaga nauyi ba. A 2018 Robert Morton da Stuart Phillips na Jami'ar McMaster da ke Kanada, tare da abokan aikinsu, sun tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863, suka gano cewa amfanin ƙarin furotin ga tsoka yana daidaita ne a wajajen giram 1.6 ga kowane kilo, ko da yake sun bar ƙofa har zuwa 2.2 saboda bambancin jikin mutane. Ga mai kilo 65 wannan yana nufin giram 104 zuwa 143 a yini. Mai ƙiba sosai zai yi lissafin ne da nauyin da ya dace da tsayinsa, tun da kitse ba ya buƙatar furotin kamar yadda tsoka take buƙata.

Waɗannan alƙaluma ba su da amfani sai an mayar da su abin da ke cikin tukunya, kuma a ƙasar Hausa matsalar da ke bayyana nan take ita ce abincin yau da kullum ya fi wadata da sitaci. Garin gero yana da furotin kusan giram 11 a cikin kowane 100, saboda haka wanda ya ce da tuwo kaɗai zai cike giram 104 sai ya cinye gari kusan kilo guda, ya ɗora wa kansa kalori fiye da 3,500, kuma duk da haka furotin ɗin bai cika inganci ba, domin hatsi yana da ƙarancin wani amino asid mai suna laisin. Wake kuwa yana da laisin a wadace, abin da yake da ƙarancinsa shi ne metiyonin, wanda hatsi yake da shi. Ke nan shinkafa da wake, da ƙosai da koko, da ɗan wake, haɗi ne da kowane ɓangare yake rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma abin takaici ne a ga matashi yana raina su yana tara kuɗin garin furotin na gwangwani da ake shigowa da shi daga waje, alhali garin nan, wanda galibi daga ruwan da ke tsatsowa a wajen yin cuku ake busar da shi, sauƙin sha kawai ya fi abinci da shi.

Ɗanyen wake giram 100 yana ba da furotin kusan giram 23, waken suya da ake awara da shi kusan 36, gyaɗa 25, dafaffen jan nama marar kitse 26, ƙwai guda 6, rabin litar madarar shanu kusan 16. Kilishi da busasshen kifi da ƙuli-ƙuli sun fi asalinsu yawan furotin a kowane giram, domin an raba na farko da na biyu da ruwa, na ukun kuma da mai. Idan saurayin nan ya karya da ƙwai uku da kofin madara, ya ci shinkafa da wake da rana, ya sha fura da nonon da ba a cika shi da ruwa ba haɗe da cikin tafin gyaɗa bayan la'asar, ya rufe da tuwo da nama giram 100 da dare, zai haura giram 110 bai sayi komai a kantin magani ba. Wannan tsari ya kuma dace da shawarar masana ta raba furotin gida uku ko huɗu, giram 20 zuwa 40 a kowane zama, maimakon a tara shi duka a abincin dare. A watan azumi ana iya kusantar hakan ta raba shi tsakanin buɗa-baki da bayan tarawihi da sahur. Sauran kalorin sai sitaci da maiƙo su cike, kuma bai dace maiƙo ya gaza kashi 20 cikin ɗari ba.

Bayan an gama lissafin takarda sai a koma ga sikeli, domin shi ne zai faɗi ko ƙiyasin ya dace. Ana hawa da safe bayan an kama ruwa kafin a karya, sau uku ko huɗu a mako, a ɗauki matsakaici, tun da gishiri da ruwa da abin da ke cikin hanji suna iya motsa nauyi da kilo guda a tsakanin jiya da yau. Ƙaruwar da ake nema ita ce rubu'i zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki a mako, wato giram 160 zuwa 325 ga mai kilo 65. Idan mako biyu ko uku sun wuce nauyi bai gusa ba, sai a ƙara kalori 150 zuwa 200, idan kuma yana gudu fiye da haka ƙugu yana buɗewa, sai a rage kwatankwacinsu.

Sikeli shi kaɗai yana iya yaudara, kuma mafi munin misalin hakan shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe", waɗanda sau da yawa deksametason ne, maganin kumburi da likitoci ke rubutawa bisa ƙa'ida. Shansa ba bisa umarni ba yana tara ruwa a jiki, ya tara kitse a fuska da ciki, ya ɗaga sukarin jini da hawan jini, kuma yana zaizaye tsokar cinya da dantse, wato ainihin abin da mai shan yake nema, a daidai lokacin da lambar sikeli take hawa. Saboda haka ana haɗa awon nauyi da awon ƙugu da dantse da tef ɗin tela, da kuma rubuta nauyin ƙarfen da ake ɗagawa mako bayan mako. Mai ciwon ƙoda kuwa ba ya cikin wannan lissafi na giram 1.6, domin yawan furotin yana ƙara wa ƙodar da ta riga ta raunana aiki, kuma likitansa ne zai yanke masa adadin da zai ci.