Ziyarar Inshas, Inda Masarawa Ke Auna Filasma

Mun bar Madinatu Nasr bayan sallar asuba, domin duk wanda ya san Alƙahira ya san da zarar hantsi ya yi, cunkoson motoci ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. A wannan unguwa hedikwatar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Masar take, amma abin da ya kawo mu yana can Inshas, arewa maso gabashin birnin. Muka bi gefen mashigin ruwan Isma'iliyya, benaye suna raguwa, gonaki da dabinai suna ƙaruwa.

A Inshas ne Masar ta kunna na'urarta ta farko ta binciken nukiliya a 1961, da taimakon Tarayyar Sobiyet. Mu kuwa sashen filasma muka nufa, inda aka girke wata ƙaramar na'ura ta tokamak mai suna EGYPTOR, wadda aka kawo daga Jamus. Siffarta kamar tayar mota, an naɗe ta da wayoyin tagulla. Ana zuƙe iskar cikinta, a saka haidurojin kaɗan, a buga masa lantarki har ya zama filasma, wato irin abin da rana ke ci da shi. Maganaɗisu ne ke riƙe filasmar a tsakiya don kada ta taɓa bango.

Malamin da ya zagaya da mu ya ce babban ciwon kan masu wannan bincike shi ne ranar da filasmar ta ƙwace. Cikin 'yan kashi kaɗan bisa dubu na daƙiƙa zafinta kan zube a jikin bango, lantarkin da ke gudana cikinta ya mutu, ƙarfen na'urar ya sha jijjiga. Wani lokaci ma ilektoron kan tsere da gudun da ya kusa na haske, su narkar da inda suka faɗa.

Ya nuna mana kayan awo. Naɗin Rogowski na auna yawan lantarkin filasma. Ƙananan naɗe-naɗen Mirnov na jiyo rawar maganaɗisu, wadda sau da yawa takan tsananta kafin ɓarna ta auku. Tsinken Langmuir kuma a gefen filasma ake cusa shi, ya faɗi zafi da kaurinta. Da aka harba lantarkin, ban ga komai ba sai walƙiya ta ɗan tagar gilashi. Ɗalibai suka rufu a kan kwamfuta suna bin layukan da suka hau suka faɗo.

A nan na gane amfanin ƙaramar na'ura: idan filasma ta ƙwace, ba a yi asarar komai ba, gyara saiti za a yi a sake harbawa. A babbar na'urar tokamak ta ITER da ake ginawa a Kadarash ta kudancin Faransa kuwa, filasmar za ta kai digiri miliyan 150, da lantarki amfiya miliyan 15. Shi ya sa aka shirya harba mata ɓarɓashin ƙanƙarar gas don a huce ta kafin ta yi ta'adi.

A hanyar komawa na tuna Zariya, inda cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanar da na'urar binciken nukiliya ta NIRR-1 tun 2004. Jami'o'inmu na da malaman kimiyyar lissafi da fiziks. Ya kamata hukumomi su samar musu da ƙaramin ɗakin gwajin filasma, ɗalibanmu su koyi wannan awo da hannunsu.