Bayan Aji Shida, Ina Yaron Zai Dosa?

Ranar da ta fi wahala a rayuwar yaro mai nakasa ita ce ranar da ya ajiye alƙalamin jarrabawarsa ta ƙarshe a sakandare. Tun ina koyarwa nake lura da wannan, har na yi ritaya. Muddin yana makaranta akwai ƙararrawa mai tashinsa, akwai malamin da ya san halinsa, akwai abokin da zai riƙe masa hannu ko ya tura masa keke. Da an yi bikin yaye ɗalibai sai duk wannan ya watse rana ɗaya. Yaro ya dawo gida, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, shekara ta zagayo yana nan, wata ma ta zagayo.

Sa'ad da muke tasowa a Lafiya, hanyar da aka san makaho ko gurgu da ita guda ce: ƙofar masallaci ran Juma'a da bakin kasuwa. Wanda Allah ya ciyar da shi gaba, iyayensa suka yarda, sai a kai shi Gindiri, inda 'yan mishan suka buɗe makarantar makafi tun 1953. Lokacin muna cikin Jihar Filato, kafin a yanke mana Nasarawa a 1996. Iyaye Musulmi da yawa ba sa sakin jiki da makarantar mishan, ga kuma nisa, don haka yawancin yaran a gida suka tsufa. Kurame kuwa sai gona da dako, da maganar hannun da suka ƙago tsakaninsu da 'yan gidansu.

Abubuwa sun canza, kuma ya kamata a faɗa. Umaru Tanko Al-Makura, wanda ya mulki jihar nan daga 2011 zuwa 2019, shi kansa yana da lalurar ji, ya kuma faɗa da bakinsa cewa zazzaɓin Lassa ne ya jawo masa. Shi ya gina makarantar masu buƙata ta musamman a nan Lafiya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe a watan Fabrairun 2018. Na ga iyayen da a da suke ɓoye 'ya'yansu a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo, sun ɗauko su sun kai makaranta. Ganin mai lalurar ji a kujerar gwamna ya yi aikin da wa'azinmu na shekaru bai yi ba. Amma gini yana iya riƙe yaro ne zuwa aji shida kawai. Abin da zai same shi bayan nan, tun yana aji huɗu ake shirya shi, kuma a nan muke da rauni.

Babban abin da ke kayar da yaranmu shi ne lissafi. Sau da yawa malami, don tausayi ko don rashin kayan aiki, yakan ce wa makaho ya huta idan an zo darasin lissafi, wai ba zai ga allo ba. Yaron ya ji daɗi, malamin ya samu sauƙi. Sai ranar neman gurbin karatu a tarar yawancin kwasa-kwasan jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ƙofa ta rufe tun kafin a ƙwanƙwasa. Alhali makaho na iya lissafi sarai idan an ba shi rubutun makafi da allon ƙirga na hannu, da malamin da zai faɗi abin da yake rubutawa da baki maimakon ya ce "wannan a haɗa da wancan". Kurma kuma Turanci ne ke ba shi wuya, domin harshe ne da bai taɓa ji ba, a takarda kaɗai yake haɗuwa da shi. Yana bukatar karatu da rubutu ninkin na sauran yara, kullum, da malamin da ya iya maganar hannu da gaske. Duk sauƙin da aka yi wa yaro ta hanyar rage masa darasi, bashi ne aka ci da sunansa, shi zai biya.

Sai maganar rajista. Hukumomin WAEC da NECO suna tanadar takardun jarrabawa da rubutun makafi da ƙarin lokaci, amma sai an sanar da su lokacin cike fom. Hukumar JAMB ma tun 2017, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi na musamman. Na san wata yarinya mai raunin gani wadda yayanta ya cike mata fom a shagon kwamfuta, ya tsallake gurbin da ake bayyana lalura, wai kada a raina ta. Ta shiga ɗakin jarrabawa ta zauna gaban allon da ba ta iya karantawa. Shekara guda ta tafi a kan kunyar da ba tata ba.

Wanda ya samu shiga Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ko ta jiha da ke Keffi, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ko Kwalejin Ilimi ta Akwanga, zai tarar da wata duniya dabam. Malamin jami'a yana gaban ɗaruruwan ɗalibai, ba zai san akwai kurma a layin baya ba sai an gaya masa. Shi ya sa nake ganin darasin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne yaro ya iya yi wa kansa magana: ya shiga ofis ya yi sallama, ya ce ga lalurata, ga abin da nake bukata, a bar ni in zauna a gaba, a ba ni darasin a waya don manhaja ta karanta mini. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro sunkuyar da kai gaban manya, mai nakasa kuma an ninka masa, kullum wani ke amsawa a madadinsa. Likita zai tambayi uwa, "Me ke damunsa?" alhali saurayi ne mai gemu zaune a gabansa. A bar shi ya amsa. Kafin a zaɓi makaranta kuma, a je da shi a taka harabar, a ga matakala, a ga makewayi, a tambaya ko akwai tafintan maganar hannu. Jami'ar Ilorin tana da cibiyar tallafa wa kurame, jami'o'in Jos da Bayero suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman tun da daɗewa. A can Bayero ne Jibril Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa.

Iyaye mata, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na san soyayya ce ke sa ku hana yarinya kusantar murhu, ku hana yaro fita shi kaɗai. Amma ba za ku dawwama ba, 'yan'uwansa kuma kowa zai kama gidansa. Yaron da ya kai sha bakwai ya kamata ya iya wanke kayansa, ya dafa abin da zai ci, ya riƙe sandarsa ya tare Keke Napep ya yi ciniki, ya bambance takardun kuɗi, ya buɗe asusun banki da sunansa. 'Ya mace kuma a yi mata maganar jikinta a fili, a koya mata cewa tana da ikon ƙi, a tabbatar akwai wanda za ta kai wa ƙara ya fahimce ta. Masu mugun nufi sun san kurma ba ta iya ba da labari yadda za a saurare ta, shi ya sa suke bin ta. Zancen aure ma a tambaye ta, kada a miƙa ta ga wanda ya ce zai "taimaka".

Ba kowane yaro ne zai je jami'a ba, ko mai nakasa ko marar ita, kuma babu aibi a nan. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa yaro sana'a ba a tambaye shi ba: makaho saƙar kujera, gurgu gyaran takalmi, kurma ɗinki, an gama. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shan-inna ta taɓa, ya tara 'yan'uwansa suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. A nan Lafiya akwai gyaran waya, walda, kiwon kaji, cinikin riɗi da doya da agushi. A riƙa kai yaro wurin maigida a lokacin hutu tun yana aji huɗu, don su saba da juna, maigidan ya ga aikinsa da idonsa kafin ya ji tsoron ɗaukarsa.

Doka ma tana bayansu. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kowa kuma yana ganin matakalan da suka rage. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, babban sakatarenta na farko James Lalu kurma ne. Ya kamata kowane ɗan aji shida ya san wannan doka kamar yadda ya san sunan unguwarsu, domin wanda bai san haƙƙinsa ba roƙo zai yi a inda ya kamata ya nema.

Ga iyayen da ɗansu ko 'yarsu ke aji huɗu yanzu, ina roƙonku kada wannan zangon ya ƙare ba ku je makaranta ba. Ku zauna da shugaban makaranta da malamin lissafi da na Turanci, yaron yana wurin, a tambaye shi abin da yake so ya zama, a rubuta abin da kowa zai yi daga nan zuwa aji shida.