Daga Allura Zuwa Kunamar Bindiga

Ranar da na faɗa wa Ummata cewa na fara koyon harbi, shiru ta yi a waya har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "Bindiga? Ke da kika ga abin da bindiga ke yi da idonki?" Na ce mata ta iska ce, ba ta albarushi ba, kuma takarda ake harbi. Ta ce bindiga dai sunanta bindiga, sannan ta koma tambayar lafiyar jikarta.

Ban ga laifinta ba. Kafin in zo Ingila a 2022, na yi shekara shida ina aikin jinya a ɗakin taimakon gaggawa na wani asibiti a Arewa maso Yamma, daidai shekarun da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka barci. Na san yadda ramin harsashi yake ta inda ya shiga, ɗan ƙarami kamar bai kai a damu ba, na kuma san yadda yake ta inda ya fita. Ba zan wuce nan ba, tunda shafin iyali ne. Na ɗauka na baro abin a gida, ashe ya biyo ni cikin jirgi. Daren 5 ga Nuwamba na shekarar farko, daren da Turawan nan ke wasan wuta, ni kuwa ban san da al'adar ba, sai tsintar kaina na yi durƙushe a gefen firiji, na ƙanƙame 'yata, ludayin miya yana hannuna. Maigidana yana ta cewa wasa ne kawai. Kaina ya yarda, jikina ya ƙi.

Na ga likita, na kuma yi zama da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na faɗi wannan ne don kada wata 'yar uwa ta karanta ta ɗauka harbi magani ne. Ba magani ba ne.

A 2024, lokacin wasannin Olamfik na Faransa, hoton wani ɗan Turkiyya mai suna Yusuf Dikec ya cika wayoyi. Dattijo mai furfura, tabarau na kullum a fuskarsa, hannu ɗaya a aljihu, ya ɗaga ƙaramar bindiga kamar mai nuna wa baƙo hanya, kuma da abokiyar wasansa suka ci lambar azurfa. Mutane suna ta raha a kansa. Ni abin da ya tsaya mini daban ne: ban taɓa ganin mutum riƙe da bindiga ba tare da fushi ko tsoro a fuskarsa ba. Bayan wata biyu na nemi ƙungiyar masu wasan harbi da ke kusa da unguwarmu na je.

Bari in ɗan yi bayani, don na san tambayar da ke bakin wasu. A nan Birtaniya, tun bayan kisan da aka yi a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, inda yara 16 da malamarsu suka rasu, aka haramta wa farar hula mallakar kusan duk ƙananan bindigogi masu albarushi a 1997. Wadda muke wasa da ita iska ce ke tura 'yar ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5, ƙararta kuma ba ta fi ta rufe murfin biro da ƙarfi ba. A Najeriya kuwa doka ta sa ƙaramar bindiga cikin makaman da aka haramta, ta iskar ma sai da lasisi. Saboda haka labari nake ba ku, ba kira nake yi ba.

Wasan kansa sauƙin faɗa gare shi. Za ki tsaya a tazarar mita 10, ki riƙe bindiga da hannu ɗaya, ba jingina, ba tallafi. Takardar da ake harbi tana da baƙin da'ira mai faɗin kusan santimita 6, a tsakiyarsa kuma akwai da'irar maki goma mai faɗin milimita 11.5, wato ba ta kai maɓallin riga ba. A gasa ana harbi 60. Malamin da ya karɓe ni wani tsoho ne da ya yi ritaya, mai ƙarancin magana da yawan shan shayi. Rabin awar farko bai bar ni na harba ko ɗaya ba. Bakin bindiga kullum yana kallon takarda, yatsa ba ya zuwa kan kunama sai an shirya harbi, in za a ajiye sai an buɗe ta an zura mata igiyar shaida mai launi don kowa ya ga ba komai a ciki. Ya kuma sa na cire awarwarona, don dokar wasan ta hana agogo ko wani abu a hannun da ke riƙe bindiga. Wannan bai dame ni ba, a asibiti ma daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba ma sa komai.

Na zo da girman kai, gaskiya. Ni da nake samun jijiyar jariri mai zawo cikin dare da hasken tocila, ai hannuna ba ya rawa. Takardata ta farko, harbi goma, uku ne kawai suka shiga baƙin. Sauran sun watse can ƙasa ta hagu kamar an zubar da gero, ɗaya ma ban san inda ta tafi ba.

Tsohon ya kalli takardar ya ce, "Ina kike kallo lokacin da kika harba?" Na ce takarda mana, ai ita nake so in samu. Ya ce to nan ne matsalar.

Ga abin da ya ɗauke ni wata uku kafin in yarda da shi. A saman bindigar akwai saiti biyu: na baya wani ɗan tsagi ne, na gaba kuma wani ɗan ƙarfe a tsaye kusa da baki. Aikin maharbi shi ne ya sa na gaba a tsakiyar tsagin, samansu ya yi daidai, hasken da ke gefe da gefe ya zama ɗaya. Ido kuma, kamar yadda muka koya tun a makarantar jinya, ba ya iya tsayar da gani a nesa da kusa a lokaci guda. Dole ki zaɓa. Hankali yana cewa ki zaɓi takarda. Amma lissafi ya ce ki zaɓi saitin gaba, ki bar baƙin da'irar ta zama dishi-dishi. Dalili kuwa, tsakanin saitin biyu bai wuce santimita 35 ba, takarda kuma tana mita 10. In ɗan ƙarfen nan ya kauce da milimita ɗaya tak a cikin tsagin, dalmar za ta sauka kusan santimita 3 daga inda kika nufa. Maki goma ya koma bakwai ke nan, saboda kaucewar da ba ta kai kaurin farce biyu ba. Alhali in duk hannunki ne ya ɗan motsa da milimita ɗaya, saitin yana nan daidai, a takardar ma milimita ɗayan ce kawai.

Na ji bayanin, na gane, amma idona ya ci gaba da satar kallon takarda. Wata rana sai tsohon ya cire takardar ya juya bayanta, fari fat, ba da'ira ba komai. Ya ce in harbi tsakiyar farin. Na yi ta mita a raina, ya za a ce mutum ya harbi abin da babu? Da na gama goma ya kawo mini ita. Ramukan sun taru wuri guda, tafin hannun 'yata zai rufe su. Ban taɓa yin irin wannan ba da da'irar a gabana. Tunda babu abin kallo a can, idona ya haƙura ya zauna kan saiti. Wallahi na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Sai batun kunama, wanda shi ne asalin ramukan ƙasa ta hagu. Hannu ba ya tsayawa cak, na kowa haka yake, har na zakarun duniya. Akwai 'yar rawar da tsoka ke yi wadda halitta ce, ga bugun zuciya da ke isa har yatsu. Saitin zai riƙa yawo a hankali a kan takarda. Sabon maharbi sai ya yi ta jira, da ya ga saitin ya zo daidai sai ya fizgi kunamar da sauri kada damar ta wuce. A wannan fizgar sauran yatsun ma suna matsewa, bakin bindiga ya sunkuya, ga mai amfani da hannun dama sai dalma ta tafi ƙasa ta hagu. Gyaran shi ne ki yarda da yawon saitin, ki daina farautar lokaci. Dokar gasa ta ce nauyin kunama kada ya gaza giram 500. Ki ɗora tsokar gaban yatsa, ki fara ƙara nauyi a hankali kai tsaye zuwa baya, ba tsayawa, har harbin ya fita da kansa saitin yana cikin yawonsa.

A nan ne aikina ya taimake ni, bayan ya gama kunyata ni. Duk nas ta san yadda ake tura maganin da ke buƙatar sannu cikin jijiya: babban yatsa ne kaɗai ke matsa sirinji, sauran hannun kamar an dasa shi, don allura kada ta motsa. Ranar da na tuna da wannan a kan layin harbi, ramukana suka fara hawowa sama.

Tsayuwa ba ta ba ni wahala sosai ba. Ki ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ki ɗan ba takarda gefe, ki rufe ido ki ɗaga hannu, ki buɗe. In bindigar tana nuna gefe, ƙafar baya za ki gyara, kada ki karkato hannu da ƙarfi, don zai koma inda ya fi so a daidai lokacin harbi. Ɗayan hannun kuma a aljihu ko a ɗamara, ashe ba yanga Yusuf yake yi ba, kowa haka yake yi don kada hannun ya riƙa lilo. Numfashi ma haka: ki shaƙa yayin ɗagawa, ki saki rabi, ki riƙe.

Abin da ya fi mini wuya shi ne sauke bindiga ba tare da na harba ba. In kin riƙe numfashi ya wuce daƙiƙa bakwai ko takwas, hannu ya fara gajiya, ido ya fara yaudara, harbin da zai fita ba mai kyau ba ne. Sai ki sauke, ki huta, ki sake. Ni kuwa rayuwata duka an horar da ni cewa abin da aka fara sai an gama, marar lafiya ba ya jira. Tsohon ya ce mini nan ba wanda ke zubar da jini, takarda za ta jira ni har gobe. Bai san nauyin maganar da ya faɗa ba. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Akwai abubuwan da na gano da kaina, ina rubuta su a ɗan littafi. In na sha kofi kafin in je, saitina rawa yake kamar mazari. In na fito daga aikin dare, gara in zauna a gida, makina yana faɗuwa ƙasa warwas. In ban ci abinci ba ma haka. A matsayina na nas wannan bai ba ni mamaki ba, kuma shi ya sa aka haramta wa maharba magungunan rage bugun zuciya. A Olamfik na Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda an samu propranolol a jikinsa, maganin da nake raba wa marasa lafiya a kofi kusan kowane mako.

A gida ba ni da bindiga, ta ƙungiya nake ara, kuma maigida ya ce haka ya fi masa kwanciyar hankali. Nauyinta kusan kilo ɗaya ne, don haka robar ruwa ta lita ɗaya nake cikawa in miƙe hannu ina fuskantar bango, 'yata tana ƙirga mini zuwa talatin. Takan yi tsalle daga sha tara zuwa ashirin da biyar in ta ga na fara yamutsa fuska.

Darasi na ƙarshe da nake fama da shi yanzu shi ne tsayawa bayan harbi. Kada a sauke hannu nan take, kada a leƙa a ga inda ta faɗa. A ci gaba da kallon saiti na daƙiƙa biyu, a kuma faɗa wa kai inda ake zaton ta sauka kafin a duba. In kin iya cewa "sama ta dama" kika duba kika tarar haka ne, to idonki yana inda ya kamata, ko da makin bai yi kyau ba.

Takardata ta farko maki 41 ce cikin 100. Yanzu ina yawo tsakanin 78 da 84, wanda a ƙungiyarmu bai isa a tafa wa mutum ba, akwai wata tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu da ke cinye ni tana hira. Nuwamban da ya wuce da aka fara wasan wuta na firgita, ba zan ɓoye ba, amma a tsaye na ƙarasa girkina.

Makon jiya na ɗauki hoton wata takarda na tura wa Umma ta WhatsApp, karo na farko tun waccan wayar. Ramuka tara a cikin baƙi, ɗaya can gefe a cikin fari. Sai da aka yi isha'i ta turo murya. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce in daina ba. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, wannan ɗayan da ya fita waje fa, me ya same shi?"

Na ce, "Umma, shi ne wanda na kalli takarda."

Ta ce, "To ki daina kallonta mana. Kuma ki riƙa cin abinci kafin ki je."