Wace Hausa Na'ura Take Ji?

Ban taɓa zama a ajin Jami'ar Bayero ta Kano ba. Difloma ce da ni ta aikin jarida, kuma a Jamhuriyar Benin nake, a Tumbutu ta yankin Malanbil, bakin kogin da ya raba mu da Gaya ta Nijar. Duk da haka, babu jami'ar da aikinta yake shigowa ɗakin shirye-shiryenmu kamarta. Ƙamusun Hausa da ta wallafa a 2006 yana kan teburin gidan rediyonmu, bangonsa ya saɓule saboda yawan hannu. Idan gardama ta tashi tsakanina da abokin aiki kan wata kalma a labaran da muka fassaro daga Faransanci, shi ne alƙalinmu.

A 'yan shekarun nan sunan jami'ar ya fara fitowa a wani fagen da ban zata ba, wato fagen koya wa kwamfuta harshe. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad, malami a fannin kimiyyar kwamfuta na Bayero, da abokan aikinsa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wasu jami'o'i, suka fitar da wani aiki mai suna NaijaSenti. Sun tattaro gajerun saƙonnin Twitter, kusan 30,000 a kowane harshe, cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da gwamutsen Turancin Nijeriya. Sai aka zaunar da masu jin harshen suna bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya suna sa musu alama: wannan yabo ne, wannan suka ce, wannan kuma tsaka-tsaki. Da irin wannan tarin misalai na'ura take koyon rarrabe magana. A 2023 aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti, ya haɗa harsunan Afirka 14. Tallafin ya zo ne daga Lacuna Fund, asusun da Gidauniyar Rockefeller da Google.org da cibiyar IDRC ta Kanada suke cikin waɗanda suka kafa shi. Abin da ya fi burge ni shi ne an bar sakamakon a buɗe, kowa yana iya saukewa kyauta.

Idan ana maganar alaƙar jami'a da kamfanonin fasaha, Amurka ake fara tunawa. Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil ta gwamnati ce. A ɗakunan kwamfutarta Paul Allen yake laɓewa yana koyo tun yana ɗan sakandare, kafin shi da Bill Gates su kafa Microsoft. A 2017 ya ba ta dala miliyan 40, Microsoft ta ƙara miliyan 10, aka sa wa makarantar kwamfutar sunansa. Can kamfanonin suna maƙwabtaka da jami'ar, suna kwasar ɗalibanta, suna gina mata benaye. Kano ba ta da irin wannan maƙwabci. Abin da take da shi tsoho ne: cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da aka kafa tun 1969, da malaman da suka ƙare rayuwarsu kan nahawu da karin sauti da ƙa'idojin rubutu, aikin da mutane da yawa suke yi wa kallon wanda ba ya kawo kuɗi. Yau kamfanin da ya mallaki injina na biliyoyi ba zai iya sa su jin Hausa ba sai ya nemi wanda ya san bambancin fari na launi, da fari na rashin ruwa, da fari na ido. Ashe abin da aka raina shi ne jarin.

To amma ga inda ni abin yake taɓa ni. Ni nake karanta farashin kasuwar Malanbil a rediyo: albasa, shinkafa, barkono, busasshen kifi. Idan na ce kashin albasa dala ashirin, babu mai saurare daga nan har Gaya da zai tsaya tambaya. Sefa 100 ke nan, domin dala ɗaya sefa 5 ce a lissafinmu, jikka kuma sefa 1,000. Wata rana na gwada wannan jimla a wata manhajar fassara, ta mayar mini da ita Faransanci a matsayin dalar Amurka ashirin. Na rubuta mata cewa mushe ya shiga lakkwal, wato malami ya shiga makaranta, ta ɗauka gawar dabba nake nufi. Mun yi dariya a ofis, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na'urar ta koyi Hausa ne daga abin da aka rubuta, mafi yawan abin da aka rubuta kuwa daga Nijeriya ya fito, da aron kalmominsa na Ingilishi. Mu da muke cewa duwan maimakon kwastan, jandarma, lokotoro, bik maimakon biro, mu da harshenmu ya cakuɗa da Dendi da Zabarmanci da Fillanci a kasuwa ɗaya, kusan ba mu cikin littafin da aka koya mata.

Masu sauraronmu kuma mutanen murya ne. Da yawansu ba su yi karatun boko ba, wayar hannu a wurinsu abin danna maɓalli ce a yi magana a aika. Lokacin da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutane suka koma kwalekwale, saƙon murya ne ya riƙe ciniki da zumunci. Gobe idan banki ko asibiti ko ofishin noma suka sa na'ura tana amsa kira, wanda ba ta gane Hausarsa ba shi za a bari a baya. Kuskuren da ya ba mu dariya kan albasa, idan ya faɗa kan adadin ƙwayar magani ko kuɗin bashi, kuka zai zama.

A nan Benin mun ga yadda ake fara irin wannan aiki. A 2020 Bonaventure Dossou, ɗan ƙasar nan, da abokinsa Chris Emezue ɗan Nijeriya, suka gina tsarin fassara tsakanin harshen Fon da Faransanci, suna ɗalibai a Rasha. A Yunin 2024 Fon ya shiga Google Translate, inda Hausa take tun 2013. Na yi murna, na kuma lura cewa daga wata ƙasa yaran suka yi aikin. Jami'ar Abomey-Calavi tana da cibiyar koyar da kimiyyar kwamfuta, amma tana kudu, kusa da Kwatano, fiye da kilomita 700 daga nan. Jami'ar Paraku, wadda aka buɗe a 2001, ita ce tamu ta arewa, kuma ta yi suna a fannin noma da likitanci da ƙididdiga. Ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ga Bayero da ƙamusunta da masana kwamfutarta, har da gidan rediyonta. Kowace tana riƙe da ɓangare guda na abin da ake buƙata.

Mu ma 'yan rediyon bakin iyaka muna riƙe da namu. A kwamfutocinmu akwai shekaru na muryoyi: manoman shinkafa, masunta, ungozomomi, dillalan shanu, tsofaffin da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Irin wannan taska ce masu gina na'ura suke nema ruwa a jallo. Wata rana wani zai zo da takarda da ɗan kuɗi ya ce mu sayar masa, kuma gidan rediyon da ke fama da kuɗin man janareta zai yi wuya ya ƙi. Shi ya sa nake son jami'ar gwamnati ta riga shi zuwa. Kamfani yana bin riba, ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Jami'a kuwa da harajin talaka aka gina ta, ana iya tsayar da ita a tambaye ta: kin nemi izinin mai muryar? Ina kika ajiye? Wa zai amfana? Idan ta tsaya a tsakani, ta tattara, ta tantance, ta bar shi a buɗe kamar yadda aka yi da NaijaSenti, to babban kamfani zai ɗiba, yaron Kandi ko Gaya mai son gina tasa manhajar shi ma zai ɗiba.

Kafin wannan ranar, na fara abin da ƙarfina ya kai. Duk wanda na yi hira da shi yanzu, ina tambayarsa ko ya yarda a adana muryarsa don ilimi, in rubuta garinsu da harshen da ya tashi da shi. Ina kuma da littafi da nake zuba kalmominmu da ban samu a ƙamusun Bayero ba. Idan malaman Kano suka tashi sake buga shi, ko suka tashi sabon tarin misalai, ina roƙonsu su ƙetaro iyaka. Akwai masauki a Tumbutu, akwai kuma masu magana.