WA'ADIN KWANA TALATIN

Mu dai muna cikin waɗanda suka fara rubutu da biro a littafin makaranta mai warƙa 80, tun muna 'yan sakandare. A wancan zamani abokan gaban marubuci sanannu ne: gara, da ɓera, da ɗigar ruwan damina, da kuma abokin da zai ari rubutunka ya karanta, daga nan sai labari ya sha bamban. Saboda haka ranar da aka nuna mana rumbun intanet, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da gajimare, aka ce duk abin da muka zuba a ciki ya tsira daga gara da gobara, sai muka yi hamdala, muka ce mun rabu da asara ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

Shekara huɗu muka yi muna rubuta wani labari, yau shafi ɗaya, gobe rabin shafi, tsakanin shirya darasi da duba aikin ɗalibai, har ya kai babi 24. Fayil ɗaya ne tak, yana cikin kwamfutarmu, yana kuma cikin rumbun, ta yadda ko a ɗakin malamai muna iya buɗe shi a waya mu gyara jimla ɗaya ko biyu.

To, da jarrabawar ƙarshen zango na uku ta ƙarato, aka ce kowane malami ya kawo tambayoyinsa a buge. Duk wanda ya taɓa buga Hausa a kwamfuta ya san wahalar haruffa masu lanƙwasa. Dabararmu ita ce mu buɗe fayil ɗin labarin, inda ƙ da ɗ da ɓ suke a shirye, mu riƙa kwafo su. A daren nan sai muka ga kamar ya fi sauƙi mu share rubutun gaba ɗaya, mu bar layi guda mai ɗauke da haruffan, mu buga tambayoyin a nan, in mun gama mu adana da sabon suna. Muna cikin bugawa aka ɗauke wuta, batir ya fara kuka, muka yi sauri muka danna adanawa, muka rufe. Ba mu sake suna ba. Washegari muka juye tambayoyin a filash muka kai makaranta, hankalinmu kwance.

Daga nan sai tsaron jarrabawa, sai makin takardu, sai cike sakamako. Ranar farko ta hutu, bayan sallar asuba, muka haɗa shayi, muka buɗe labarinmu da niyyar gyara babi na ƙarshe. Abin da ya fara yi mana sallama shi ne: "Amsa tambaya huɗu kawai." Shafi biyu ne a fayil ɗin, daga farko har ƙarshe.

Da fari ba mu tsorata ba, don a tunaninmu ai akwai na cikin rumbu. Muka ɗauko waya muka buɗe, sai ga tambayoyin nan dai. Muka leƙa kwandon sharar rumbun, babu shi. Nan fa gumi ya karyo mana da sanyin safiya. Uwargida ta shigo ta same mu zugum, ta ce, "Malam, lafiya? Ko rasuwa aka yi?" Muka rasa amsar da za mu ba ta, domin a ranmu abin ya yi kama da hakan.

Ita ce ta tuna mana da wani tsohon ɗalibinmu mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Muka saɓi kwamfuta muka nufi can. Yaron ya durƙusa ya gaishe mu, ya ba mu kujerarsa, ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Malam, yau kwana nawa ke nan da faruwar abin?" Muka lissafa da jadawalin jarrabawa, muka ce ashirin da uku. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To da saura, in Allah Ya yarda. Amma don Allah kada ku sake taɓa fayil ɗin nan sai na duba."

A wannan rana ɗalibi ya zama malami. Ga abin da muka koya, kamar yadda muka fahimce shi. Rumbun intanet kwamfutoci ne manya na kamfani, a jibge a wasu gine-gine masu nisa, kuma babban aikinsu shi ne su daidaita abin da ke wurinsu da abin da ke hannunka. In ka ƙara layi a kwamfuta, su ƙara. In ka share, su share. In ka zuba tambayoyin jarrabawa a kan aikin shekara huɗu, su ma su zuba, su kuma aika wa wayarka. Kamar madubi ne, abin da ka nuna masa shi zai nuna maka. Shi ya sa muka ga ɓarna ɗaya a wuri uku.

Sai dai kamfanonin sun san ɗan Adam ajizi ne, don haka suka bar ƙofofi biyu na gyara kuskure. Ta farko ita ce kwandon shara, inda fayil ɗin da aka goge ɗungurungum yake zama na wani lokaci. Ta biyu ita ce tarihin sauye-sauye, inda ake ajiye tsoffin kamannin fayil ɗin da aka rubuta wani abu a kansa. Mu mun yi ta laluben ƙofa ta farko, alhali namu ba goge shi aka yi ba, danne shi aka yi, saboda haka maganinsa yana ƙofa ta biyu.

Yaron ya shiga rumbun ta shafinsa na intanet, ya danna fayil ɗin, ya buɗe tarihinsa. Sai ga jerin ranaku da sa'o'i. Ya zaɓi na daren da ya gabaci ɓarnar, kuma bai mayar da shi kan na yanzu kai tsaye ba, sai da ya fara sauke shi daban da sabon suna, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Ya buɗe. Babi na ɗaya, na biyu, har na ashirin da huɗu, babu wasalin da ya ɓace. Mai karatu, ba mu jin kunyar faɗa, sai da muka cire tabarau muka share ido a gaban yaron da muka taɓa yi wa bulala kan makara.

Ganin haka sai muka yi kwaɗayi. Muka ce masa, "Ɗana, tun da abin haka ne, akwai wata ajiyar." Wata biyar kafin nan, rumbun ya aiko da saƙo cewa wuri ya cika. Muka bi manyan fayiloli muna gogewa, cikinsu har da muryar Gwaggonmu, Allah Ya jiƙanta, wadda muka ɗauka tana yi wa jikoki tatsuniya, guda goma sha ɗaya, a shekarar da ta rasu. Mun goge ne da zaton akwai su a waya. Yaron ya duba kwando, ya duba wayar, ya jarraba duk dabarar da ya sani, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, sai haƙuri. Wannan wa'adinsa ya wuce." Wasu daga cikin tatsuniyoyin muna iya tuna su, amma yadda take maƙale murya in ta zo kan Gizo, da dariyar yaran a bayanta, waɗannan sun tafi. A zama ɗaya aka dawo mana da abu, aka kuma tabbatar mana da rashin wani, kuma bambancin da ke tsakaninsu lissafin kwanaki ne kawai.

Don haka ya kamata kowane marubuci ya san waɗannan kwanaki kamar yadda ya san ranar albashi. A Google Drive, tun daga shekarar 2020, abin da ya kwana 30 a kwandon shara yakan goge da kansa. Tsoffin kamannin fayil irin na Word da aka ɗora a can su ma kwana 30 ne, ko kuma guda 100 na baya-bayan nan, sai fa wanda ka yi wa alamar a riƙe shi dindindin. A OneDrive na Microsoft, kwandon mai asusun kansa kwana 30 ne, na ma'aikata ko makaranta kuwa kwana 93. Dropbox na kyauta kwana 30 ne, wasu tsare-tsaren biya kuma 180. Na iCloud shi ma 30. Har wa yau, a 2023 Google ya sanar cewa asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba ana iya rufe shi da duk abin da ke ciki. Ƙa'idojin nan sukan sauya, saboda haka kowa ya duba na rumbunsa da idonsa.

Asarar rubutu dai ba yau aka fara ba. A 1835 marubucin nan Thomas Carlyle ya ba abokinsa John Stuart Mill juzu'in farko na littafinsa kan juyin juya halin Faransa don ya karanta, sai aka ƙone shi a gidan bisa kuskure, da zaton tarkacen takardu ne. Dole ya sake rubutawa, littafin ya fito a 1837. A 1998 kuma, a kamfanin Pixar na Amurka, umarni guda da aka ba kwamfuta ya share mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2, aka duba ajiyar kamfani aka tarar ita ma ta samu matsala. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya mai jego take aiki da shi a gida. Wato kwafin da hannun ɓarna bai kai gare shi ba.

Wannan shi ne darasin da muka riƙe. Masana harkar suna cewa a ajiye kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma ya kasance nesa da sauran. Ga yadda muka fassara shi da aljihun malamin makaranta. Duk ranar Juma'a muna juye labarin a filash da kwanan wata a jikin sunansa, mu zare filash ɗin mu jefa a akwati. Duk babin da ya kammala muna aika wa wani amini ta imel. In zango ya ƙare mu buga sababbin shafuka a takarda. Kowane babi yanzu fayil ɗinsa daban, haruffa masu lanƙwasa kuma mun sa an saita mana su a allon bugu, ba ma sake taɓa labari don jarrabawa. Ranar ɗaya ga wata kuwa mukan buɗe rumbu mu leƙa kwando, mu kuma tabbatar kowane fayil yana buɗuwa da abin da muka sani a cikinsa, domin ɓarnar da ba a gani da wuri ba ita ce ke cinye wa'adi.

In kuwa abin ya riga ya faru da kai, ɗan'uwa marubuci, kada ka rikice. Ka daina adana komai a kan fayil ɗin. Ka ƙirga kwanaki. In kana da wata na'ura da ba ta hau intanet ba tun faruwar abin, kada ka bari ta hau sai ka kwafe abin da ke cikinta. Ka duba kwando in gogewa ce, ka duba tarihin sauye-sauye in dannewa ce, ka kuma sauke tsohon daban kafin ka mayar. Kuma kada girman kai ya hana ka tambayar yaro.

Labarinmu yanzu yana hannun mai duba rubutu. Tatsuniyoyin Gwaggo kuwa mun fara bin 'yan'uwa gida gida muna rubuta abin da kowa ya tuna, ya zuwa yanzu mun haɗa bakwai. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ka ajiye wannan mujalla, ka buɗe rumbunka ka duba. Allah Ya tsare mana alƙalumanmu da abin da suka rubuta, amin.