Hamsin a baki, hamsin a takarda

Yau labarin aikina na kawo muku, kuma da laifina a ciki, gara in faɗa tun da wuri.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Bara wata ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a nan Maradi ta nemi in yi mata shafin intanet na asusu, yadda kowace mace za ta duba a salularta, ko a ta ɗanta, ta ga abin da ta zuba da abin da ake bin ta. Su talatin ne, suna haɗuwa kowace Juma'a bayan la'asar, kowa ta zuba dala ɗari, wato 500F. Sakatariyarsu ta ba ni kayen da take rubutu a ciki, na ga an rubuta tarar makara 50. Na sa 50F a manhaja na wuce.

Duk ɗan Nijar ya san cewa in aka ce hamsin a kasuwa dala hamsin ake nufi, 250F. Ni ma na sani. Amma na saba in na ga lamba a takarda to faran ce, ita ko sakatariya abin da kunnenta ya ji shi ta rubuta. Sati uku Hajiya ma'ajiya tana karɓar 750F hannun wadda ta makara, salula kuma tana nuna 550F. Ran Juma'a ta huɗu wata mata ta ɗaga wayar ɗanta a gaban taro ta ce a gaya mata inda dala arba'in ɗinta ta shiga. Hajiya ta haura shekara sittin, ta daɗe tana riƙe kuɗin mutane ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Da dare ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi: “Ɗana, na'urarka ta ce ni ɓarauniya ce.”

Gyaran lambar bai ɗauke ni minti biyu ba. Washegari na je na ba da haƙuri gida-gida. Abin da ya hana ni barci shi ne, irin wannan hamsin ɗin guda nawa ne suka rage a ciki ban sani ba?

A nan na koma kan wani abu da na taɓa karantawa na yi watsi da shi, wanda masu sana'armu ke kira BDD. Wani ɗan Ingila mai suna Dan North ne ya yi bayaninsa a wani rubutu a 2006. Ma'anarsa a taƙaice: kafin ka rubuta manhaja, ku zauna da mai ita ku rubuta halin da ake so ta nuna, da misalai, cikin maganar da kowa ke ganewa. Sannan a sa wata manhajar ta riƙa karanta misalan nan tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi suna ita ce Cucumber, da Aslak Hellesøy ɗan ƙasar Norway ya fito da ita a 2008. Ni da PHP na yi shafin, don haka ƴar'uwarta na ɗauka, Behat.

Girka ta ba wuya in akwai rezo. Da Composer ake sauko da ita, sai ka buga “vendor/bin/behat --init”, ta buɗe maka jaka mai suna features, inda misalan za su zauna, da wani fayil mai suna FeatureContext. Na ƙara Mink, wadda ke buɗe shafi ta cika gurabe ta danna maɓalli kamar mutum, na rubuta adireshin shafin a behat.yml. Forfe ɗina ya ƙare ana tsakiyar saukowa, sai da na sake saye, wannan kam ba laifin kowa ba ne. Wautar da na yi ita ce gwajin farko da na sake shi a kan rumbun bayanai na gaske. Allah ya taimake ni tsakar dare ne, na goge matan ƙarya biyar da ya ƙirƙira kafin gari ya waye. Duk wanda zai bi wannan hanya, ya ware wa gwaji rumbunsa daban tun ranar farko.

Yadda ake rubuta misalan shi ne abin da ya ja hankalina. Tsarin ana ce masa Gherkin, kuma kalmomin farkon layi kawai ya damu da su. Yana karɓar su a harsuna da yawa, har da Faransanci in ka sa “# language: fr” a saman fayil. Abin da ya biyo bayan kalmar kuwa naka ne, sai na rubuta shi da Hausa:

Scénario: mace ta makara da zubi
Etant donné Asabe tana zuba dala 100 duk Juma'a
Quand ta kawo zubinta ran Asabar
Alors ana bin ta dala 150
Et shafi ya nuna 750F

Kowane layi na ɗaura shi da ɗan aikinsa a FeatureContext: wannan ya ƙirƙiri Asabe ta gwaji, wancan ya shigar da zubi, na ƙarshe ya duba abin da shafi ya nuna. In ya yi daidai layin ya fito kore, in ya saɓa ya fito ja, in ban gama rubuta aikinsa ba ya fito ruwan ɗorawa.

Sai dai ku lura da wani abu. Da ni kaɗai na zauna a ɗaki na rubuta misalin nan tun farko, 550F zan sa, kuma kore zai fito shar. Na'ura ba ta san dala ba, abin da ka gaya mata shi take tsarewa, ko daidai ko kuskure. Shi ya sa na ɗauki kwamfuta na tafi gidan Hajiya, na kira sakatariya, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina karanta musu layi-layi.

Ban kai ƙarshen misali na biyu ba Hajiya ta tsayar da ni.

“To in Asabe haihuwa ta yi fa?”

Na ce, “Hajiya, ai ba a rubuta wannan a kaye ba.”

Ta ce, “Wa zai rubuta? Mai jego ba a cin ta tara sai ta yi arba'in. Wadda aka yi wa rasuwa ma ana ɗaga mata. Kuma in mace ta aiko yarinya da kuɗi kafin a kira magariba, ba ta makara ba, ko da mun watse.”

Wata shida manhajata tana aiki, ko ɗaya daga cikin dokokin nan uku ba ta sani ba. Ba ɓoye mini aka yi ba. Ni ne ban taɓa tambaya da misali ba. Da na ce “mene ne dokar tara?” amsa ɗaya ake ba ni. Da na ce “Asabe ta zo ran Asabar”, sai kowa ta tuna wata Asabe da aka taɓa yi. Yammaci uku muka yi haka, muka tashi da misali 23. Da na sake su a kan manhajar yadda take, 9 suka fito ja. Na ji kunya, amma gara in gani a allona da a gani a gaban taro.

Akwai wahalarsa, kada in yi muku daɗin baki. Misalan da ke buƙatar a buɗe Chrome na gaske ta hanyar Selenium suna da nawa, ga kwamfutata ta tsufa, ga zafin watan Afrilu. Sai na bar guda huɗu kawai da alamar @javascript, saura suna gudu ba tare da an buɗe komai ba, cikin ƴan daƙiƙu. Wata safiya kuma huɗun nan suka faɗi gaba ɗaya alhali ban taɓa komai ba. Rabin yini na ɓata kafin in gano Chrome ce ta sabunta kanta, ChromeDriver ɗina ya zama tsoho, sun daina jituwa. Kuma duk dokar da aka canza, sai ka koma ka canza misalinta. Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne ina gane shi, don nima haka na ɗauka kafin dare ɗaya ya canza mini ra'ayi.

Bayan sallar layya suka ƙara zubi zuwa dala ɗari biyu, jikka guda ke nan. Na canza, na saki gwaji, uku suka yi ja: ashe a lissafin rabon ƙarshen shekara na kafe 500 da hannu a wani lungu na manta. Ran Laraba na gani, ran Alhamis na gyara, ran Juma'a ba wadda ta san an yi wani abu. Yanzu Hajiya in ta ji zan taɓa shafin sai ta ce, “Ka tambayi mai gadin naka tukuna.”

Matar da ta ɗaga waya a taro ta dawo zubi, amma har yau ƙanwarta take aikowa da kuɗin.

Misali na 24 yana nan ruwan ɗorawa wata biyu ke nan. Taken da na ba shi: mace ta rasu ana bin ta bashin asusu. Layin farko da na biyu mun rubuta su. Na uku, mai farawa da Alors, shi ya gagara: wasu sun ce a yafe, wasu sun ce a cire daga abin da ta tara kafin a miƙa wa magada, Hajiya ta ce sai an tambayi malam. Sun sa maganar Juma'a mai zuwa, an ce in zo da kwamfuta.