Hasumiyar Gobarau, lilon yara da kuskuren da na yi wa Baba

 Mako biyu kun ji ni shiru, wasunku har sun aiko suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, tafiya ce ta kama ni. Yau labarin tafiyar zan ba ku, har da kuskuren da na tafka a cikinta, domin na san da yawanku kuna shirin kai yara gida kafin a koma makaranta.

Mahaifina ya zo mana Abuja daga Katsina don ganin likitan ido. Tsohon malamin makaranta ne, ya haura shekara 70, kuma ya daɗe yana fama da ciwon suga. Wata Asabar muka kai yara Magicland tare da shi, ya zauna yana kallonsu suna ta ihu a kan lilo. A hanyar komawa gida ya tambayi babban ɗana, wanda muke kira Abba saboda sunan Baba ya ci, ko ya san Gobarau. Yaro ya ce, “Gobara dai, Kaka? Ta wuta?” Duk muka yi dariya ban da Baba. Can ya ce mini, “Uwata, jikokina sun san duk wani lilo da ke garin nan, amma ba su san inda kakanninsu suka yi sallah ba.”

Maganar ta tsaya mini a rai. Da dare muka yi shawara da maigidana cewa maimakon mu sa Baba a motar haya, mu kai shi gida da kanmu, mu bi ta Zariya da Kano, mu yi kwana 5 a hanya, yara su ga wuraren tarihin addininsu. Yaran su 3 ne: Abba mai shekara 11, ƙanwarsa mai 8, sai Auta mai 4. Da suka ji za a je kallon tsofaffin masallatai, kowa ya ɓata fuska. Sai na yi musu ciniki: duk wurin tarihin da suka shiga suka natsu, zan biya su da wurin wasa. Na zauna na rubuta jadawali kamar takardar magani, safe tarihi, yamma lilo.

Jakar magani kuwa, kun san aikina ne, ban bar komai ba. Na sa farasitamol na yara, na rubuta wa kowane yaro adadinsa a jikin kwali bisa nauyinsa, domin da nauyi ake auna wa yaro magani, miligiram 15 a kowane kilo, kuma kada ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Na sa ƙullin gishiri da sukari na ORS, wanda ake zuba ƙulli 1 a lita 1 ta tsabtataccen ruwa, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Na haɗa da ƙwayar zink da ake ba yaro mai gudawa na kwana 10 zuwa 14. Ga gidan sauro, tunda damina ce, ga ma'aunin zafin jiki, ga na'urar gwajin suga ta Baba. Na dubi jakar na ce wa kaina, wannan tafiya ba abin da zai ba ni mamaki.

Mun bar Abuja gari na wayewa, domin mun yi alkawarin ba za mu yi tafiyar dare ba ko ta minti ɗaya. Tun kafin mu kai Kaduna Auta ta amayar da duk abin da ta karya da shi. Laifina ne, ni na ba ta waya tana kallon zane don ta yi shiru. Idon yaro na kan abin da ba ya motsi, kunnensa na ciki yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana gudu, wannan saɓanin shi ke kawo jiri da amai, kuma ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Na karɓe wayar, na sa ta a tsakiyar kujerar baya da bel inda take hango titi, muka ɗan sauke gilashi. Ba ta ƙara yi ba. Akwai magungunan hana amai a mota, amma kafin a tashi ake shan su, suna sa barci, kuma irin su promethazine ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Don Allah iyaye, kada a ɗirka wa yaro maganin tari ko na mura don kawai ya yi barci a huta da rigimarsa.

A Zariya muka tsaya a Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Daga waje ginin zamani za ka gani, tsohon ginin ƙasar yana daga ciki. Baba yana yi wa yara bayanin yadda magina suke ɗaura bakan gizo da azara da ƙasa har rufi ya tsaya ba ƙarfe ba siminti, su kuwa sai jan mayafina suke yi, “Mama, saura minti nawa?” Na ce musu a hankali, “Ku daure ku shanye, lilo na nan tafe.” Ashe Baba ya ji. Da muka shiga mota ya ce, “Uwata, kin mai da masallaci magani mai ɗaci, lilo kuma shi ne zumar da ake lasa wa yaro. To, wane yaro kika taɓa gani ya girma yana marmarin magani?” Na yi shiru, amma ban sauya jadawalina ba.

Kwana na 3 muna Kano. Da safe Baba ya sha ƙwayarsa ta suga, ya kurɓi koko kaɗan, ya ce ƙosan ya yi masa mai da yawa. Muka fara da Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fadar Sarki, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Baba ya ba su labarin zuwan Shehu Maghili Kano a wancan zamani da nasihar da ya rubuta wa Sarki kan yadda ake mulki. Daga nan muka taka zuwa babban masallacin cikin gari muka yi Azahar. Baba ya yi tafiyar ƙasa a ranar fiye da yadda ya saba yi a mako guda.

Muna fitowa yara suka ce a biya su bashinsu. Maigidana ya ce mu fara cin abinci. Ni na ce a'a, in muka tsaya cin abinci hadari zai riga mu, a rufe lilo, alkawari kuma kaya ne. Muka wuce wani wurin wasan yara. Na saya musu askirim da gugguru, na zaunar da Baba a benci ƙarƙashin bishiya, na bi Auta wajen dokin da ke zagayawa. Ban tambayi Baba ko yana jin yunwa ba, shi kuma irin mutanen da ne, ba zai buɗe baki ya ce wa 'yarsa yana jin yunwa a gaban suruki ba.

Wajen ƙarfe 3 da rabi Abba ya zo da gudu. “Mama, Kaka yana magana kamar mai barci, kuma rigarsa ta jiƙe.” Na tarar da Baba zufa na karyo masa duk da iskar hadari, hannunsa na rawa, yana kirana da sunan ƙanwata. Na ciro na'ura na soki yatsarsa: 54. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 suga ya faɗi ke nan. Tunda yana iya haɗiya, na aika Abba ya sayo lemon kwalba mai sukari, na ba Baba rabi ya sha. Ban ba shi askirim ɗin da ke hannun yara ba, domin maiƙon da ke cikinsa yana jinkirta shigar sukari cikin jini. Muka jira minti 15, mafi tsawon minti 15 da na taɓa yi. Na sake gwadawa: 88. Ya dube ni ya ce, “Uwata, me ya tara ku a kaina haka?” Sai a lokacin hawaye ya zubo mini.

Ku riƙe wannan, masu tafiya da dattijo mai ciwon suga. Alamomin faɗuwar suga su ne zufa, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa ko faɗa ba dalili. In mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi rabin kwalbar lemo ko babban cokali 1 na sukari a ruwa, a sake gwaji bayan minti 15, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi shi da abinci sosai. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Mai yin allurar insulin kuma kada ya bar ta a motar da aka rufe a rana, kada kuma ya ɗora ta kai tsaye a kan ƙanƙara.

Daga wurin wasan muka ci abinci, muka wuce asibiti, domin ƙwayar da Baba ke sha glibenclamide ce. Tana daɗewa a jiki tana aiki ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka suga na iya sake faɗuwa bayan ya hau. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ma ya nuna ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Na san wannan tun ina jami'a, na sha gaya wa mutane a kan kanta. Amma mahaifina ya shekara da shekaru yana shan ta, kullum ina cewa zan kai shi a sake duba magungunansa in na samu lokaci. Likita ya riƙe shi ya kwana ana bibiyar sugansa, washegari ya sauya masa magani. Na shirya wa kowane yaro adadin farasitamol ɗinsa, na manta da tambayar da ta fi kowace sauƙi: yaushe Baba zai ci abinci?

A daren nan na yaga jadawalin. Muka sake tsari: a fara sa lokacin abinci da na sallah da na hutun Baba, abin da ya rage na yini shi za a yi yawo da shi, wuri ɗaya tak a rana. Na kuma gaya wa yara ciniki ya ƙare. Za a je wurin wasa don wasa abu ne mai kyau, za a je wurin tarihi don namu ne, babu wanda yake ladan wani.

Mun isa Katsina a kwana na 5. Washegari da hantsi, bayan kowa ya ƙoshi, Baba ya kai mu Gobarau, da dabino a aljihunsa da kwalbar lemo a jakata. Hasumiya ce ta ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, abin da ya saura na tsohon masallacin da masana tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, fiye da shekara 500 da suka wuce. Abba ya ɗaga kai ya ce, “Kaka, ai lilon Abuja ya fi ta tsawo.” Baba ya yi dariya ya ce, “Gaskiyarka, abokina. Shekara nawa kake ganin lilon zai yi a tsaye?” Yaro ya yi shiru yana lissafi. Baba ya samu inuwa ya zauna, ya gaya musu yadda ladan ke hawa ya kira sallah ba lasifika, yadda ake hango mahara daga samanta, da yadda ɗalibai ke zuwa Katsina neman ilimi daga nesa. Ƙanwar Abba ta shafa bangon ta ce, “To me ya sa ruwan sama bai cinye ta ba?” Ya ce, “Amaryata, ai yana ci. Mutane ne ba su bari. Duk zamanin da ya zo sai ya yi mata gyara, ya sake yaɓe.” Mun fi awa guda a wurin, ba wanda ya tambaye ni saura minti nawa.

Na gane bambancin bai wuce abu biyu ba. A Zariya da Kano ina tsaye a kansu da agogo da alkawarin lada. A Gobarau cikinsu a ƙoshe yake, ba inda muke sauri, kuma mai ba da labarin kakansu ne da suka ga ya kusa kuɓuce musu kwana uku da suka wuce.

A hanyar dawowa mun tsaya a gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano, ba sharaɗi ba ciniki, suka yi wasansu har suka gaji. Mun kusa Zariya Abba ya tambayi babansa ko za mu sake tsayawa a masallacin nan, wai yana so ya ga bakan gizon da Kaka ya faɗa, don ran nan bai duba ba. Muka tsaya.

In kuna shirin irin wannan tafiya, ku kai iyayenku a duba magungunansu tun kafin ranar tashi, ku rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa a takarda ku sa a jaka. Ku yi tafiyar rana, ku riƙa tsayawa duk bayan awa 2 a miƙe ƙafa. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai juna biyu su bar wa yara lilon da ke wujijjiga mutum. Kuma in akwai tsoho a motar, kada ku jira ya ce yana jin yunwa.

Baba yana nan lafiya, sabon maganin ya karɓe shi. Kullum da safe yanzu Abba ne ke kiransa a waya ya ce, “Kaka, ka karya kuwa?” Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.